An Kashe Mai-Zaure, Awaki Sun Cinye Wake

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara tsami, ni Abdulrashid, tsohon malamin tarihi, mijin marigayiya Malama Hure, nake sanar da jama'ar Kwarin Ɗinya, da maƙwabtanmu na wajen Ɗambatta da Kunci, da 'ya'yanmu da suka tare a Bacirawa suna jin labarin gida ta waya, rasuwar Mai-Zaure. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma sau biyu aka kashe shi: na farko da yatsa, na biyu da galma. Ba zan ce Allah ya ji ƙansa ba, domin irinsa ba ya zuwa hisabi. Allah ya ji ƙan wadda ta rubuta shi.

Ina rubuta wannan sanarwa 'yata Kaltume tana kwance a ɗakin mahaifiyarta, hannunta na dama ɗaure cikin kararen mai ɗori. Gari ya yanke hukunci cewa ita ta saki awaki a kan wake. Ita ce 'yar fari, al'ada kuwa ta ce uba ya kau da kai daga ɗan fari, kada ya kama sunansa, kada a ga yana tare masa faɗa. Na kiyaye wannan al'ada tun ranar da aka raɗa mata suna, zan kuma koma kanta da zarar gari ya koma kan gaskiya. Kafin nan: sunanta Kaltume, kuma ba ita ta yi ba.

Ga waɗanda suka ci moriyar marigayin ba tare da sun san shi ba, wato kusan kowa, ga asalinsa. Shafin intanet na ƙungiyar manoma, wanda kuke shiga ta wayoyinku, an gina shi ne a kan wata babbar manhaja ta tsara shafuka, irin wadda ake samu kyauta. Manhajar ta iya liƙa labari da hoto, amma ba ta san taki ba, ba ta san layin injin casa ba, ba ta san abin da ɓatan tunkiya yake yi wa tsohuwa ba. Malama Hure, wadda ta koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata har ƙarfinta ya ƙare, ita ta yi wa manhajar ƙari, kamar yadda ake kewaye sabon sashe a jikin tsohon gida. A cikin sashen ta zaunar da ma'aikata, kowa da ɗakinsa: mai kula da rabon taki, mai riƙe layin inji, mai cigiyar dabbobi, da Mai-Ajiya wadda ke riƙe sanarwar da lokacinta bai yi ba, da Mai-Shela wanda ke watsa sanarwa cikin kowace waya ta gari. A bakin ƙofa kuma ta zaunar da guda ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai ya tarbi saƙo, ya duba shi, ya miƙa wa mai shi. Shi ne marigayin. Ita ta sa masa suna, don ta ce gidan da ba kowa a zaurensa kasuwa ne.

Marigayin bai cika ido ba. Duk rubutunsa bai fi abin da ɗalibi mai ƙiwa zai kawo a matsayin insha'i ba. Amma duk saƙon da ya fito daga wayar ɗayanku, a gabansa yake fara durƙusawa. Yakan duba wa ake nema, da abin da ake so ya yi, da ko mai aiken yana da hurumin aiken. In komai ya yi daidai, sai wayarka ta yi ɗan ƙara, ting, kamar an taɓa gefen kofi da cokali, ya rubuta maka: “An karɓa, an miƙa.” In ka yi masa shirme, ba ya cika maka da nasa tunanin. Cewa yake: “Ban san wanda kake nema ba. Koma ka sake faɗa.” Nababa mai shayi ya fi kowa shan wannan amsa, saboda kaurin yatsunsa. Yakan riƙe wayar nesa da fuskarsa ya zage ta tas har kakanninta, sannan ya koma ya sake faɗa, kuma takinsa bai taɓa zuwa gonar wani ba.

Bai taɓa raba taki da kansa ba. Bai taɓa leƙa ɗakin mai cigiya ya ce shi ma ya iya ba. Ya san aikinsa ƙofa ce, ya tsaya a ƙofa. Na karantar da tarihin garuruwa masu ganuwa shekaru da yawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka ci ta kan ganuwa. Yawanci wani ɗan gari ne ya gaji da tsayawa ana tambayarsa a ƙofa. Babban aibin marigayin, in aibi ne, shi ne bai san fuska ba. Bai san ɗan dagaci ba, bai san bazawara mai akuya ɗaya ba. Yana da wata magana guda da yake ajiye wa duk wanda ya nemi abin da ba nasa ba: “Ba kai ke da wannan ba.” Wannan maganar ce ajalinsa.

Saboda 'yan Bacirawa da suka manta, sai na tuna muku yadda muke zaune. A nan gona tana jikin gona, katangar wani ita ce iyakar waken wani. Daga saukar ruwan shuka kowace akuya da tunkiya tana turke, mata da tsofaffi su ke yankar ciyawa suna kai musu, wata da watanni, har tafin hannu ya yi kanta. Ba mai kwance igiya sai dagaci ya yi shelar saki, shi kuwa ba ya yi sai an roro waken ƙarshe a gonar mutumin da ya fi kowa nawa. Da can da ganga ake yi. Tun da aka buɗe shafi, Kaltume, a matsayinta na sakatariyar ƙungiya, takan rubuta shelar tun da sauran lokaci ta ba Mai-Ajiya. Ranar da dagaci ya zaga gonaki ya gamsu, shi kaɗai zai danna, sannan Mai-Zaure ya ɗauko ta ya miƙa wa Mai-Shela. Tsakanin shelar da ke ajiye da bakin awakin da suka yi rabin shekara suna kallon ganye daga nesa, ba abin da ke tsaye sai marigayin.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun Abdulkabir, ɗan dagaci, mijin Kaltume. Kunyar suruki ita ma na ajiye ta tare da ta 'yar fari. Abdulkabir ya buɗe shagon maganin feshi, ya so gari duka ya ji a waya. Ya aika wa Mai-Shela tallarsa, Mai-Zaure ya ce masa ba shi ke da wannan ba. Ya sake, aka sake gaya masa. Mutum ne da tun yana goye ba a taɓa ce masa haka ba. Yana riƙe da mabuɗin shafin, domin mahaifinsa ya damƙa masa shi ya adana, yana kuma da ilimin kwamfuta daidai wanda ya isa a yi ɓarna. Ya shiga, ya goge marigayin ɗungurungum, ya dasa waɗansu layuka da ya kwafo a wani wuri, waɗanda ke cewa duk abin da ya shafi sanarwa a wuce da shi kai tsaye wurin Mai-Shela. Bai tuna da Mai-Ajiya ba. Masu gaggawa ba sa tuna akwai abin da ake ajiyewa.

Ba a ɓoye ya yi ba, kuma wannan ne ya sa nake rubutu da ɗaci. Da yammacin ranar ya zauna a teburin Nababa, benci cike da magidanta, ya ce ya tsige tsohon maigadin nan mai yawan tambaya, yanzu saƙo ba ya bin layi, gari ya waye. Wayoyinsu suka yi ƙara da tallar maganin feshi, suka yi dariya, wani ya ce a ƙara masa madara. Matarsa ce kaɗai bai gaya wa ba. Bai ga dalilin da zai sa miji ya sanar da matarsa cewa ya goge aikin uwarta ba.

Wannan shi ne kisan farko. An yi shi cikin raha.

Washegari da safe, ranar Talata, wake na tsaye a gonaki ya bushe yana jiran roro, gyaɗa na shanye a kan kunya, Kaltume ta rubuta shelar saki kamar yadda ta saba, ta danna wurin ajiya. Ba ta ji ting ba. Abin da ta ji shi ne wayar maƙwabciyarta ta bayan katanga, da ta gaba da ita, da ta cikin aljihun mijinta, duk a lokaci guda. Shelar ta fita da sunan dagaci. Matan da suka gaji da yankar ciyawa ba su tsaya tambaya ba, kuma ba wanda ya isa ya ce su tsaya. Igiyoyi suka faɗi a kowane gida.

Wanda bai ga yunwatacciyar akuya ta shiga busasshen wake ba, bai san abin da ake kira sauri ba. Kafin maza su fito daga karin kumallo, garke ya rufe gonakin gabas. Kamaruddeen, wanda ya shuka wake a duk abin da ya gada, ya iso ya tarar da awakin yayansa uwa ɗaya uba ɗaya a tsakiyar gonarsa. Da adda ya bi su. Bai yanka ba, sara ya yi: ƙafa, baya, duk inda ƙarfe ya samu. Wata mai ciki ta ja 'yan hanjinta a kan kunya har bakin hanya tana kuka irin na jariri. Yayan ya zo da sanda ya fasa masa gira. Daga nan ba wanda ya ƙara sanin wa ke bin wa. Mai wake yana dukan mai akuya, alhali shi ma tasa akuyar tana cikin waken wani. An maƙure raguna da igiyar da aka kwance musu. An jefa tunkiya rijiya da ranta. Wata tsohuwa ta rungume akuyarta ɗaya tilo, aka fizge ta daga hannunta aka buga da kututturen ɗorawa. Nababa ya fito da ludayin shayi a hannu yana rabon faɗa, taɓarya ta same shi a ƙeya, ya zauna cikin jini yana tambayar wa ya bar ruwa a wuta. Nama ya yi ta zube a gonaki har azahar, mushe, ba mai ci, sai ungulu.

Kaltume ba ta tsaya kallo ba. Da ta duba shafin ta ga abin da aka dasa a gurbin marigayin, ta gane. Shafin kansa yana zaune ne a wata kwamfutar haya can wata ƙasa, amma asalin rubutun Mai-Zaure, wanda Hure ta buga da yatsunta, yana cikin tsohuwar kwamfutarta a ɗakin ƙungiya, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Ta ruga can ba ko takalmi, don ta mayar da shi gurbinsa ta aika shelar a ɗaure. Kwamfutar tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta farka. Tana cikin farkawa jama'a suka iso.

Wani ya ce ga ta nan, ita ta rubuta. Ta ce musu su ba ta ɗan lokaci kaɗan ta gyara, ta rantse musu da Allah, ta kira waɗansunsu da sunayensu, har da waɗanda ta cika wa takardun taki da hannunta. Suka ce a fito da injin. Ta kifa a kansa. Kamaruddeen, jini na zuba cikin idonsa, ya ɗaga galma. Daga baya ya ce injin ya nufa, na kuma yarda da shi, sai dai injin ma bai ci masa wake ba. Hannunta ne ya shiga tsakani. Waɗanda ke bakin ƙofa sun ce sun ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Aka ja ta gefe ta mayafi, aka jawo kwamfutar ta wayoyinta har tsakiyar fili. Suka bi ta da duwatsu da taɓare, suka fasa gilashin, suka farke cikinta, wani ya tsiyayo fetur daga babur. Ta ci wuta da baƙin hayaƙi mai wari, maza suna tsaye suna haki kamar sun kashe kura.

Abdulkabir yana gindin darbejiya, hannu cikin aljihu. Mutanen bencin shayi suna cikin taron, waɗansu da duwatsu a hannu. Kowannensu ya ji abin da ya faɗa a teburin Nababa. Ba wanda ya waiwaya wajen darbejiyar. Kafin magariba Abdulkabir ya sa aka kawo mini Kaltume a bayan a-kori-kura, daga wurin mai ɗori na Kunci kai tsaye, da saƙon cewa ta zauna a gida tukuna har ƙura ta lafa, domin ta jawo wa gidansu magana.

Wannan shi ne kisa na biyu, kuma daga shi babu tashi.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya, dukansu da rai, dukansu marayu. Suna can cikin kwamfutar haya, kowa a ɗakinsa, a shirye, ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa, domin an rufe shafin tun ranar. Mai rabon taki yana zaune da lissafinsa. Mai layin inji yana jira, ko da yake bana abin casawar bai taka kara ya karya ba. Mai cigiya shi ya fi ban tausayi: tun da aka kafa garin nan ba a taɓa samun ɓatattun awaki kamar na wannan kaka ba, ga shi ba hanyar da za a kai masa ko guda. Mai-Shela ba na ganin laifinsa, baki ne kawai, an ba shi ya faɗa. Mai-Ajiya kuwa har yanzu tana jiran wata sanarwa da aka ce an kawo mata.

Ya kuma bar ni. Tun rasuwar Hure, kowace safiya bayan na sha koko, nakan aika masa wani shirme da gangan, don kawai ya ce mini in koma in sake faɗa. Haka take ce wa ɗalibanta, haka take ce mini in na fara dogon bayani. Kaltume za ta iya rubuta wani in hannun ya warke, wataƙila ma wanda ya fi shi. Ba zai zama wannan ba.

Muna godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Ba su da yawa, saboda haka godiyar ta ishe su. Nababa ya zo da rawanin bandeji, ya zauna, ya ce shi dai bai ji komai a teburinsa ba, tukunya na tafasa, kunnensa kuma ba kamar da ba. Sannan ya yi kuka. Kamaruddeen ya zo ya durƙusa a zaure, ya tashi ya tafi, ya dawo washegari da ƙunshin harawa, abin da ya rage masa ke nan a duniya.

Muna kuma sanar da cewa dagaci ya aiko ƙaninsa tare da liman, da ƙullin goro. Sun zo da sulhu, kuma sulhun yana da tsari. Za a tara jama'a a ce inji ne ya yi kuskure: tsohon rubutu ne, na mace mai jinya a ƙarshen kwanakinta, dole wata rana ya kwance. Kowa ya san inji ba shi da dangi. In aka faɗi haka, babu mai laifi a gari. Ba za a ƙara nuna Kaltume da baki ba, Abdulkabir zai zo biko da kansa, ta koma ɗakinta da mutuncinta. Ƙanin dagaci ya ce in duba, Malam, mamaci ba ya jin zafi, mai rai ke ji. Ban ce masa ƙarya yake ba. Ina da 'ya mai karyayyen hannu wadda mata ke tsallake layin rijiya in sun ga 'yar aikenta, ga shi an kawo mini hanyar da za a wanke ta kafin Juma'a. Na ce ba ni aka karya wa hannu ba, a tambaye ta. Tana bayan labule, ta ji komai.

Ta ce: “Baba, a gaishe da dagaci. In aka ce Mai-Zaure ne ya yi, an ce Inna ce ta yi. Ni na ga abin da aka sa a wurinsa, na kuma san wanda ya sa, da shi nake kwana ɗaki ɗaya. Ya faɗa da bakinsa. In ba zai faɗa ba, ɗakin Inna bai yi mini kaɗan ba.”

Liman ya dubi ƙasa. Ƙanin dagaci ya ce yarinya ce, zafin ciwo ne. Suka tashi suka bar goron, ban sani ba ko mantuwa ce.

Ga tsarin jana'iza. An tattara abin da wuta ta bari, ƙarfe da narkakkiyar roba, cikin buhun taki, an ɗinke baki. Ba za a yi salla ba. Liman ya ce wasa da addini ne, kuma a wannan na yarda da shi. Ba za a dafa komai ba, garin da ya zubar da namansa a gona ba ya bukatar sadakar abinci. Kabari yana bayan gidana, gefen gayaunar Hure. Kamaruddeen ne zai haƙa, shi ya roƙa.

Za a fito da gawar ranar Juma'a, a ajiye ta a gindin darbejiyar filin masallaci, daidai lokacin da ake saukowa, don kada wani ya ce bai gani ba. Kaltume za ta tsaya a wajen mata, hannunta a rataye inda kowa zai gan shi. Buhun ba shi da nauyi, mutum ɗaya ya isa ya ɗauka, kuma an keɓe wannan aiki ga Abdulkabir ɗan dagaci. Kafin ya ɗauka, zai maimaita a gaban jama'a abin da ya faɗa a teburin shayi. Ba a neman ya ƙara ko kalma ɗaya, ba a neman ya yi kuka. Yadda ya faɗe shi ranar, da fara'arsa, ya wadatar. Maganar komawarta ɗakinsa, ita za a tambaya, bayan an rufe kabari.

Masu zuwa daga nesa su taho da haƙuri, don mai yiwuwa ne mai ɗaukar gawa ya makara. In har aka watse bai fito ba, zan saɓa buhun in mayar da shi gida, in sake kawo shi Juma'a mai zuwa, da wadda ke bin ta, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan gawar ba ta ruɓewa, ni kuma na yi ritaya.

Sanarwa daga Malam Abdulrashid, Kwarin Ɗinya, a madadin marayu.